Inna da Man Mutane

Bukoki, Arlit
Ranar Talata, cikin watan Safar

Zuwa ga Yayana Zayyadu, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Yaya Hadiza da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah ya ɗauke maka ciwon gwiwar da ka ce yana hana ka zaman tahiya, ya buɗa kasuwa, ya raya zuri'a. Mu ma nan lafiya, irin lafiyar da mutum ke amsawa don kada ya yi wa Ubangiji butulci. Maigidana Malam Rabi'u yana nan yana zuwa aiki, ɗiyarmu Asabe ta koma karatu a lakwal, ƙaramin kuma ya fara haƙora, duk wanda ya kusance shi sai ya sha cizo. Inna tana raye, tana kan ƙafafunta, kuma maganarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka yi haƙuri da rubutun, za ka ga layi ya hau ya sauka. Ba na iya zama wuri ɗaya kwanakin nan. In na rubuta kaɗan sai in tashi in leƙa ɗakinta, in dawo, in ji kamar an taɓa ƙyaure in sake tashi. Ga shi Inuwa direba ya ce in riƙe takardar a hannu, don ba a faɗin ranar da ayari zai tashi, sai dai ka wayi gari ka ga motocin soja sun jeru a tasha, a ce kowa ya hau. Garin ma haka yake, babu wanda hankalinsa ke kwance. Tun da farashin ma'adinin da ake haƙa a nan ya faɗi, kamfani sai rage mutane yake, kowa ya fita da safe bai sani ba ko yau ce ranar da za a ce ya ajiye hula da takalmi. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta san da mu ba, mutanen Gugaram da Dannet da dabbobinsu suka ƙare sun zo sun kakkafa bukkoki a bayan unguwarmu. Da la'asar kowa ke tattara nasa ya shige gida, saboda sojoji ba sa tambaya sau biyu. Sauran labarin kana jin sa a rediyo, har ka fi mu ji.

Bidon man gyaɗar da ka aiko, jarka guda, ya iso lafiya, ko ɗigo bai zuba ba. Allah ya saka da alheri, ka kuma yi wa Yaya Hadiza godiya, na san ita ta tsaya a kai aka matsa, don da kai aka bar wa da an sayar maka da man inji kana ta sa albarka. Ka yi mini tambaya biyu a takardarka: ko man ya yi wa Inna amfani, da kuma ko zan sako ta cikin ayari ta zo wurinka, inda ka ce gyaɗa da kifi ba sa yankewa. Zan amsa maka duka, amma sai ka bi ni a hankali, don amsar ba ta da gajeriyar hanya.

Ka tuna ni na jawo maganar man nan. Lydia, maƙwabciyarmu ƴar Maraɗi da ke aikin jinya a asibiti, ita ta faɗa mini abin da ta ji wani likita Bature yana gaya musu. Wai mai iri-iri ne. Akwai wanda ke daskarewa in ya huce, kamar kitse da man shanu, akwai kuma wanda ke zama ruwa, kamar na gyaɗa da na riɗi da wanda ke jikin kifi. Wai a ƙasarsu masu bincike sun fara lura cewa tsofaffin da abincinsu ya fi karkata ga iri na biyu ba su cika mutuwa da ciwon ruɗewa ba kamar masu cin na farkon. Lydia ba ta yaudare ni ba. Ta ce ba magani ba ne, ba a ma gama tabbatarwa ba, kuma abin da ya riga ya tafi daga kan Inna babu man da zai dawo da shi. Na saurare ta, amma rabin farko kawai na ɗauka, ka san halina. Ciwon da aka sha wa rubutu bai tafi ba, likita ya ce ba shi da allurarsa, sai ga wani abu da zan iya yi da hannuna a madafa. Ai ban iya haƙuri ba sai da na rubuto maka.

Lokacin da man ya iso, Inna ta riga ta wuce inda ka bar ta a zuwanka na ƙarshe. Ta daina kirana da sunana, sai dai ke yarinya. Takan sallame azahar ta sake tayarwa. Arlit ɗin da ta yi shekaru a ciki tun Baba na aikin gini a nan, ta manta da shi sarai. A ganinta Matamai take, a tsohon gidanmu na bayan kasuwa, Baba ya tafi ci-rani. Amma tana cin abinci, Yaya, ka riƙe wannan. Man shanun da take so ya yanke a gari tun da shanu suka mutu, tuwo da miyar kuka muke ba ta haka nan, tana cinyewa tas ta lashe hannu.

Ranar da na buɗe bidon na dafa shinkafa da wake, na kwarara mata mai har yana ƙyalli, na kai mata ina jin kamar na gama da ciwon. Ta ɗauki kwanon ta kai hanci, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ajiye shi a hankali, ta dube ni, ta tambaye ni da muryar da rabona da ji tun ina ƙarama, wa ya ba ni izinin taɓa man mutane. Na yi dariya na ce namu ne, ɗanta Zayyadu ya aiko daga Damagaram. Ta ce Zayyadu da ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba, ina ya ga mai, kada in haɗa mata ƙarya da sata. Ta tura kwanon da bayan hannu ta juya mini baya.

Kai ka fi ni tuna wancan zamanin, ni guntu-guntu nake gani. Shekarun da Baba ke tafiya ci-rani, Inna matsar mai take wa matan masu hali. Su kawo gyaɗa, ta soya ta niƙa ta matsa, man duka nasu ne, ita kuwa ladanta tunkuza, abin da ya rage bayan an matse. Da ita take ƙuli ta sayar, da ita take kaɗa mana miya. Sai da na zauna a bakin murhu ranar nan na tuna cewa gidanmu kullum ƙamshin mai yake, amma ban taɓa ganin sa a tuwonmu ba. Na tuna ranar da ka tsoma yatsa a kwalba ka lasa, da abin da muciya ta yi wa bayanka. In ka manta, ni ban manta ba. A wurin Inna man gyaɗa amana ne, macen da ta ci shi kuwa ta gama sana'a a garin. Yanzu kanta ya koma can ya zauna, mu kuma ni da kai muka haɗu muka kawo mata bido guda na amanar mutane muka ce ta ci.

Da abin ya tsaya kan kwano ɗaya, da sauƙi. Washegari na ɗiga mata kaɗan a kunu, wanda ni kaina ban ji shi ba, ta shinshina ta ajiye. Na sa a miya na rufe shi da daddawa, ta gane. Hancin da ya saba bambance man jiya da na yau ba ni zan ruɗe shi ba, duk da mai hancin ta kasa gane ɗiyar da ta haifa. Malam ya samo gwangwanin sardin irin wanda ke shigowa daga Aljeriya, ta ga kifin cikin mai ta ce wannan kuma na wa aka kwaso. Na haƙura na koma dafa mata tuwo babu ko ɗigo, sai ta ce ba ta cin abin da ya fito daga tukunyar ɓarauniya. Ta ja bidon nan da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta tura shi ƙarƙashin gadonta, ta zauna a bakin gadon tana gadi. In na shiga shara idonta na kan hannuwana har in fita. Yaya, na sha zagi a duniya, amma ban taɓa jin abin da ya ci mini rai kamar wannan kallon ba.

Wadda ta riƙe mana ita a kwanakin nan Mina ce. Ba ka san ta ba, Ba'abziniya ce daga Gugaram, fari ya cinye musu awaki da raƙuma, ita da mijinta Mano suka kafa bukka a jikin katangarmu ta baya, tana shigowa ɗibar ruwa. A hannunta kaɗai Inna ke karɓar abu, shi ma ƴar gumba ce da ruwa, ta ɗan taɓa ta ce ta ƙoshi. Ka dubi wannan abin kunya, ga abinci a gidana, uwata tana rayuwa da gumbar mutanen da ba su da na gobe. Na riƙa ba Mina gero a ɓoye tana dakawa a can, duk da haka cin bai taka kara ya karya ba. Zanenta ya fara zagaya ta har ya wuce, ƙasusuwan wuyanta suka fito, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Lydia ta zo ta duba idonta, ta ja fatar hannunta ta ga ba ta koma da wuri ba, ta fitar da ni tsakar gida ta yi mini magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce in manta da wane mai ya fi wane, masu irin wannan ciwon sau da yawa ƙin cin abinci ne ke kai su, in samu ta ci ko mene ne. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron kuma ya fito mini ta baki. Ranar nan kowa ya sha faɗana, har Asabe da ba ta yi komai ba, har Malam da ya dawo a gajiye ya tambayi ruwan wanka.

Shi Malam ɗin ne ya kawo dabara, bayan ya bari na gama zazzaga. Ya ce tunda ta koma zamanin sana'a, to a ba ta sana'ar. Mai matsa ai tana cin tunkuzarta, ba wanda zai ce ta yi sata. Gyaɗa a Arlit yanzu sai an sha yawo, amma ya samo kaɗan wurin Tanko, wani Bakatsine mai shago a kasuwa. Ya shigo da ita da kansa ya ajiye gaban Inna, ya ce aiki ne aka kawo. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Matar da ba ta san ko ta yi salla ba, ta zuba hannu cikin gyaɗar ta ce ta kwana biyu amma za ta yi, ta nemi kasko da yashi. Ta soya ba ta ƙona ko ɗaya ba, ta murje ta fece ɓawon a faifai, Malam ya kai inji aka niƙo. Ta juye a turmi tana ɗiga ruwan zafi tana juyawa da muciya, har man ya fara tasowa yana taruwa a gefe. Da hannunta ya gaji na matso in karɓa ta harare ni, sai Mina ce ta kama mata. Ta mulmula ƙuli ta soya, ta tace man duka a kwalba ta toshe da tsumma, sannan ta zauna ta ci tunkuza da ɗan gishiri, ta ci ƙuli da zafinsa, ta sha ruwa ta yi hamdala. Lydia ta ce ko tunkuzar ma akwai sauran mai a jikinta, ba a iya matse shi duka. Na yi ta murna ina cewa mun gama, ashe ban yi tunanin inda kwalbar za ta ba.

Mai matsa in ta gama aiki kai wa masu shi take, ba ta jira a zo tambaya. Washegari bayan azahar ina wa ƙaramin wanka a bayan ɗaki, na fito na ga ƙofa a buɗe, ga takalmanta a inda ta bar su, babu ita babu kwalba. Na goya yaron da ruwa a jikinsa na fita. Na bi layinmu, na shiga kasuwa, na je tasha ina tambayar masu shayi da masu faci, wannan ya ce ya ga wata tsohuwa ta yi gabas, wancan ya ce yamma. Rana tana dukan ƙasa, kuma ka san garin nan, in ka wuce gidan ƙarshe babu itace babu inuwa sai fili har inda ido ya tsaya. Ina tafe ina duban rana, don in la'asar ta yi babu sauran fita. Mano ne ya gano ta, can kan hanyar Akokan, dab da shingen sojoji. Mutumin da ya yi watanni yana zagaye don kada soja ya ga rawaninsa na Abzinawa ya ɗauke shi ɗan tawaye, shi ya ɗaga hannuwa sama ya tafi wurinsu a hankali, ya ce uwar maƙwabtansa ce. Ya ce ya tarar wani soja yana daka mata tsawa ta tsaya, ita kuwa tana gaishe shi da ladabi tana tambayarsa gidan Hajiya Indo. Ka tuna Hajiya Indo ta bakin kasuwar Matamai, mai kawo mata gyaɗa buhu-buhu, wadda ta rasu tun kafin a yi mini aure. Sun tsare Mano da tambayoyi kafin su sake su, ya dawo da ita a goye, tafin ƙafarta duk ya ƙone, kwalbar na nan a hannunta ba ta sake ba. Har yau ban san da bakin da zan gode masa ba.

Muka wanke ƙafar muka shafa magani, amma ba ƙafar ke damunta ba. Kuka take, wai Hajiya za ta ce ta cinye mata mai, wai sunanta ya ɓaci a gari. Ta sake rufe bakinta, ko tunkuzar ta ƙi. Muka sa wa ƙofa kwaɗo, ta wuni tana jijjiga ta tana roƙo a buɗe mata ta kai saƙo ta dawo, ba za ta daɗe ba. Ba a jure jin wannan, Yaya. Na ce to, tunda ba za ta iya zuwa wurin Hajiya ba, sai Hajiya ta aiko. Muka fara gwada Mina, muka koya mata abin da za ta faɗa, ta shigo da sallamarta ta ce Hajiya Indo ya aiko shi karɓar mai, ka san Hausarsu ba ta cika raba mace da namiji ba. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta tambaye ta tun yaushe Abzinawa suka fara noman gyaɗa. Duk da halin da muke ciki sai da Mina ta fita tana riƙe ciki don dariya. Lydia kuwa Inna ta san ta da allura, in ta ji muryarta ɓuya take. Aka duba aka duba, babu wadda ta rage sai ɓarauniyar gidan.

Na ari babban mayafin Lydia da takalmanta na zuwa majami'a, na sa kwalli, na shafa turaren da ban saba shafawa ba, na zuba shinkafa da wake a kwano na ɗaure da ɗankwali. Da hantsi na fita ta ƙofar baya na zagayo, na tsaya a ƙofar gidana ina sallama kamar baƙuwa. Na ce Hajiya Indo ce ta aiko ni. Da ka ga yadda ta tashi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta durƙusa har ƙasa da ƙafarta mai ciwo tana gaishe ni, tana tambayar Hajiya da jikokinta, tana ba da haƙurin jinkiri. Uwata ce fa a durƙushe a gabana, sai da na cije mayafin don kada muryata ta tona ni. Ta ɗauko kwalbar ta ɗaga ta wajen haske don in ga ba a taɓa ba, ta jawo bidonka ma ta ce wannan an rage shi, amma Allah ya sani ba ita ba ce. Na ce Hajiya ta sani, ta kuma yafe. Na ce Hajiya ta yaba aikin, ta aiko da abinci, ta ce a zuba ludayi guda na man a kai tukuici ne, kuma ta rantse sai an ci a gabana in koma in shaida mata. Ta ƙi, na nace, ta sake ƙi kamar yadda ake yi, sannan ta ce tunda Hajiya ta rantse ba za ta sa ta kaffara ba. Na zuba man da hannuna, ta yi bismilla, ta cinye kwanon nan har ta suɗe gefensa da yatsa.

Tun daga ranar haka muke. Malam na kawo mata gyaɗa kaɗan-kaɗan tana matsa, kullum da hantsi ƴar aiken Hajiya tana zuwa da abinci, man da na karɓa ta ƙofar gaba in shigar da shi madafa ta ƙofar baya. Ta daina jijjiga ƙyaure, ko da yake ni har yanzu kunnena na kansa.

To ga amsar tambayarka ta farko. Ko man yana yi wa kanta wani abu, ban sani ba, kuma na daina yi wa kaina alkawari. Ba ta gane ko fuska ɗaya cikin waɗanda suka ɓace mata ba. Amma tana cin sa kullum, kumatunta sun fara dawowa, tana tashi ba ta dafa bango ba, Lydia ta ce a yanzu wannan ya fi komai. In maganar likitan gaskiya ce man yana ƙara wa irinsu kwana, to ga shi tana ci. In ba gaskiya ba ce, ai dai ta ƙoshi. Mu ma shi muke ci yanzu. Kai ma ka rage kitsen tsiren nan da kake so, don ciwon da ya kama uwa ba a san inda zai sauka ba, kuma kai ka fi ni kusa da tsufa.

Ta biyu kuwa, ba zan sako ta a ayari ba, ka yi haƙuri, ba raina ka na yi ba. Tafiya ce ta kwana da kwanaki a bayan kamiyo, babbar motar kaya, a tsaya a kowane shinge a sauke mutane, ga abin da ake ji yana faruwa tsakanin nan da Agadas. Macen da ta fice daga gida da rana tsaka, in aka tsaya a daji ta sauka neman gidan Hajiya, wa zai gano ta? Ko ta iso lafiya ma, sabon gida da sababbin fuskoki za su ƙara ruɗa ta, ta sake rufe baki ku rasa ta inda za ku ɓullo mata. A nan na samu hanya ɗaya da take ci, ba zan sake ta ba, ko da an sallami Malam daga aiki sai dai mu san yadda za mu yi. Abin da nake so a wurinka shi ne kada ka ƙara aiko mai. Gyaɗa za ka aiko, ɓararriya mai kyau, da riɗi kaɗan in ya samu, don ta Tanko ta kusa ƙarewa, kuma ban san abin da zan ce mata ba ranar da aiki ya yanke. Kai ma in hanya ta yi sauƙi ka zo da ƙafarka, kada ka jira a aiko maka da wani labari. Sai dai ka shirya zuciyarka, mai yiwuwa ta tambaye ka ɗan gidan wa ne.

Saura abu ɗaya, ko Malam ban faɗa wa ba. Jiya da ta gama ci ta rako ni har bakin ƙofa, kamar yadda take wa ƴar aiken Hajiya kullum. Na sa takalmi zan fita sai ta kama wuyan hannuna, ta waiwaya ta dubi madafa, ta rage murya ta ce:

"Ƴata, ki ce wa Hajiya ta riƙa aiko ki da wuri. Akwai wata yarinya a gidan nan mai ɗan hannu, ni ke tsaron man da kaina. Kada ku ɗauka tawa ce. Tawa sunanta Sa'a, ko yunwa za ta kashe ta ba ta taɓa kayan mutane."

Na ce to, zan faɗa mata. Rabon da in ji sunana a bakinta tun kafin azumi. Na zagaya bayan katanga na zauna a bukkar Mina na yi kuka har kwallin ya wanke, kukan baƙin ciki ne da na daɗi a haɗe, na kasa raba su. Daga nan na ninke mayafin, na shiga ta ƙofar baya na ɗauki tsintsiya. Da ta ga na shigo ta jawo ƙwaryar gyaɗarta kusa da ƙafarta.

Ka gaishe mini da Yaya Hadiza ƙwarai da gaske, da yara kowa da sunansa, da Kawu Lawan, ka ce masa ina jin labarin idonsa, Allah ya ba shi sauƙi. Malam Rabi'u yana gaishe ka, Asabe ma tana gaisuwa. Lydia ta ce in ka haɗu da ƙanwarta Esther da ke koyarwa a can ka isar mata da gaisuwarta. Inna ba ta aiko da gaisuwa ba, ba zan ƙaga maka ba, amma ka sa ta a addu'a bayan kowace salla, ka sa Mano da Mina, in akwai sauran wuri ni ma ka sa ni. Allah ya jiƙan Baba, ya kawo mana zaman lafiya da damina mai albarka, ya sada fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ce ƙanwarka,
Sa'a.